Ƙunshin Ɗebe Kewa: Abin da Buhun Agaji Ya Manta da Shi

 

Shugaban taro, iyayenmu dattawa, malamaina, masu masana'antu da ma'aikatansu, iyaye mata da 'yan'uwa matasa, ina yi muku barka da zuwa. 

Turawa suna da wasu fina-finai da suke yawan yi, inda za a nuna duniya ta rushe, birane sun zama kufai, mutum ɗaya ko biyu sun rage suna yawo cikin kango. Daga nan ne wasunsu suka ɗauki al'adar tattauna abin da ya kamata mutum ya zuba a jaka don irin wannan rana. Mu dai mun san guzurin ranar ƙarshe aiki ne na gari, kuma ba a ƙera shi a masana'antun Sharada ko Challawa na nan Kano. Amma akwai wani tashin duniyar da yake sauka a kan mutum ɗaya, ko gida ɗaya, ko ƙauye ɗaya, alhali sauran jama'a suna cin kasuwarsu. Matar da aka ƙone garinsu a Zamfara ta kwana a tashar mota a Kano, ita kam duniyar da ta sani ta ƙare. A kanta da ire-irenta nake so mu yi magana yau, kuma tambayata guda ce: bayan an ba ta abinci da bargo, me za a ba ta don kada kaɗaici ya ƙarasa ta?

Mutanen Kano ba sa buƙatar a kawo musu misali daga nesa. Ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012, da yamma, bama-bamai suka tashi a wurare da dama a Kano, ciki har da hedikwatar 'yan sanda da ke nan Bompai. 'Yan sanda sun ce mutum 185 ne suka rasu. Aka sa dokar hana fita dare da rana, mutane suka kwana ba su san inda 'ya'yansu suke ba. Shekara takwas bayan haka korona ta zo. Aka kulle Kano a watan Afrilun 2020, azumi ya kama cikin kulle, babu Juma'a, babu tarawihi a jam'i, babu tafsiri a masallaci. A watannin nan ne aka yi ta binne dattawa. Ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi 8 na birnin. Da yawa cikin iyalansu ba su samu zaman makoki irin wanda muka saba ba. Tsohuwa ta shiga takaba, ba mai shigowa ya ce mata ya haƙuri. Masu jinya a cibiyoyin killacewa na Kwanar Dawaki da filin wasa na Sani Abacha da asibitin Giginyu suka yi kwanaki ba sa ganin fuskar kowa sai ta bayan takunkumi.

Akwai kuma masifar da ta zo a hankali, ba ta da ranar da za a rubuta. Tun daga tsarin tattalin arziki na SAP na 1986, da lalacewar wutar lantarki, da kwararowar yadin waje, masaƙu da majemu da sauran masana'antun Bompai da Sharada da Challawa suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Mukan yi lissafin albashin da aka rasa. Ba mu cika lissafa sauran abin da ma'aikaci ya rasa ba: jiniyar da take tashinsa, abokan da yake tafiya da su a keke daga Gama ko Dakata ko Tudun Murtala, mai shayin bakin ƙofa da ya san yawan sukarinsa, adashin ƙarshen wata, mutanen da za su cika ƙofar gidansa ranar suna. Akwai dattawa a wannan zaure da suka ga wannan da idonsu, kuma su ne malamanmu a wannan fanni.

To, mu buɗe kayan agajin da ake rabawa mu gani. Hukumar NEMA da ta jiha, SEMA, da ƙungiyoyi masu zaman kansu sukan ba da shinkafa, masara, man girki, bargo, tabarma, bokiti, gidan sauro, wani lokaci da kwanon rufi da siminti. Ƙungiyoyin agaji na duniya ma suna da ma'aunin da suke kira Sphere: aƙalla lita 15 na ruwa ga kowane mutum a rana, abinci mai ƙarfin kalori 2,100, wurin kwana murabba'in mita uku da rabi. Wannan duka daidai ne, kuma shi ne farko, domin ba a yi wa mai jin yunwa tatsuniya. Sai dai ku lura, komai na cikin buhun nan an auna shi ne da cikin mutum da fatarsa. Babu abu ɗaya da aka sa don ya jawo wani mutum zuwa gare shi.

Kada a ɗauka wannan maganar masu ƙoshi ce. A watan Yunin 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton da ya ce mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da kaɗaici, kuma ana danganta mutuwar kimanin mutum 871,000 a shekara da shi. Rahoton ya nuna abin ya fi yawa a ƙasashe matalauta, ba a ƙasashen masu arziki ba kamar yadda muke zato. Japan ta koyi wannan darasi da tsada. Bayan girgizar ƙasar Kobe ta 17 ga Janairun 1995, wadda ta kashe fiye da mutum 6,000, gwamnati ta gina gidajen wucin gadi ta raba su ta hanyar ƙuri'a, ta fifita tsofaffi. Niyya ce mai kyau, amma ta raba maƙwabci da maƙwabcinsa. A shekarun da suka biyo baya an tsinci gawar fiye da mutum 200 a waɗannan gidaje, kowa ya mutu shi kaɗai a ɗaki, wasu sai bayan kwanaki aka gano. Suna da rufi, suna da abinci, suna da ruwan famfo. Kaɗaici kamar gara yake, daga ciki yake cin azara, wanda ke waje yana ganin ɗaki lafiya lau har ranar da zai rufta.

Mu kuma muna da abin koyi da ya riga na Japan da ƙarni goma sha huɗu. Da Muhajirai suka isa Madina, sun bar gidajensu da danginsu, har Sayyidina Abubakar da Bilal suka kwanta zazzaɓi, Bilal yana ambaton kwarurukan Makka saboda kewa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai tara su a sansani guda a bayan gari ba. Ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin baƙo da ɗan gari, mutum da mutum, suna da suna. Abdurrahman bin Aufi ya samu Sa'adu bin Rabi'i, kuma da aka yi masa tayin rabin dukiya sai ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Ku riƙe waɗannan abubuwa biyu, ɗan'uwa da sana'a, domin a kansu za mu gina ƙunshinmu.

Ma'aunin da nake ba da shawara a kai shi ne, duk abin da za a saka a wannan ƙunshi a tambaya: yana kiran mutum na biyu, ko yana sa mai shi ya ƙara shigewa ɗaki? In yana kira, a saka. In ba ya kira, a ajiye shi, komai kyansa.

Mu fara da tabarma, tunda injinan da ke saƙa ta ta roba suna nan kusa da mu. Wadda ake rabawa yawanci ta kwanciya ce. Ina so a ƙara wata mai faɗi, wadda mutum shida za su zauna a kai ba tare da gwiwa ta taɓa gwiwa ba. Bahaushe ba ya karɓar baƙo a tsaye. Wanda ba shi da abin shimfiɗawa kunya take hana shi cewa a shigo, in ya daina cewa a shigo kuwa, jama'a sukan daina zuwa. Tare da ita a sa ƙaramar butar shayi da kofuna shida, ba ɗaya ba, da ganyen shayi da sukari da citta da kanumfari. Na san wani zai ce mai gudun hijira da kofi shida, me zai yi da su? Abin da zai yi da su shi ne ya bayar. Mutumin da ya yi wata uku yana miƙa hannu a layi, ranar da ya zuba wa wani shayi ya ce bismillah, ranar ce ya koma mai gida. Ga mata da tsofaffi a haɗa da garin kunu. Kamfanin Dala Foods da ke Sharada ya daɗe yana sarrafa garin kunun tsamiya da shayi, don haka ba sabon abu nake ƙirƙira ba. Kuma ya zo a hadisi cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, takan sa a dama talbina, wani kunu na sha'ir, a ba waɗanda aka yi wa rasuwa, saboda yana sanyaya zuciyar mai baƙin ciki. Abin ɗumi da ake sha tare magani ne tun asali.

Sai rediyo, kuma a nan zan ɗan daɗe. Matasa za su ce ai waya ta wadatar. Waya tana da amfani ƙwarai, amma tana mutuwa a daidai lokacin da aka fi buƙatarta. A watan Mayun 2013 an katse layukan waya a Borno da Yobe da Adamawa lokacin dokar ta-ɓaci. A watan Satumban 2021 an katse su a Zamfara, aka bi da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, mutane suna tafiyar kilomita masu yawa don su kira 'yan'uwansu. Da madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri ranar 10 ga Satumban 2024, wayoyi da yawa a cikin ruwa suka tsaya, waɗanda suka tsira kuma ba wurin caji. Rediyo ba ta neman kati, ba ta neman data, ba ta tambayar ko ka yi makaranta. Rediyon da nake nufi mai cajin rana ce, da hannun murɗawa in an yi kwanaki ba rana, irin wadda Baturen Ingila Trevor Baylis ya ƙirƙiro aka fara ƙerawa a Afirka ta Kudu a shekarun 1990. A sa mata fitila, da kafar cajin waya, da wurin saka memori don karatun Alƙur'ani da wa'azi da littattafan da ake karantawa. Amma kada a sa mata abin toshe kunne. A bar ta da lasifika mai ƙarfi, domin rediyon da ke magana a ƙofar gida tana tara mutane, kuma duk inda ake cajin waya sai an zauna jira, in an zauna kuwa sai an yi hira.

Rediyo kuma tana buƙatar mai magana a ɗaya ɓangaren. Freedom Radio tana nan cikin Sharada tun 2003, ga Rediyon Kano, ga sauran tashoshi da suka cika gari. Mun saba da cigiya, mun saba da gaishe-gaishe. Ina roƙon tashoshinmu su ware rabin sa'a a kowane mako kyauta ga waɗanda masifa ta raba da gida, su faɗi sunan garinsu da unguwar da suka sauka, su gai da wanda suke nema. Tsohon da ya ji an ambaci sunan ƙauyensu a rediyo, da harshen garinsu, daren nan barcinsa daban ne.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi komai arha a ƙunshin, ya kuma fi komai nauyi a raina. Ƙungiyar Red Cross ta duniya, ICRC, ta ce a 2022 tana da rajistar mutum kimanin 25,000 da suka ɓace a Nijeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a Afirka, kuma fiye da rabinsu yara ne a lokacin da suka ɓace. Yaro ɗan shekara uku ya san sunan uwarsa Inna ko Umma, bai san sunan garinsu ba. Mu ma manya, wa ya haddace lambar waya biyar yanzu? Duk suna cikin wayar, in ta faɗa ruwa sun tafi tare. Saboda haka a sa kati mai rufin leda a rubuta sunayen 'yan gida, da gari, da sunan mai unguwa, da lambobin dangi uku da suke zaune a garuruwa dabam-dabam, da boko da ajami. Ga yara kuwa, a ɗinke wannan bayani cikin fata a rataya musu a wuya ko a dantse. Uwayenmu sun saba rataya wa yaro laya da kambu, ba wanda zai ga baƙon abu. Majemun Challawa suna zubar da guntayen fata kullum, dukawanmu na cikin birni kuma aikinsu ke nan tun kaka da kakanni. Kuɗin abin bai taka kara ya karya ba, amma zai iya hana uwa shekara goma tana duban hanya.

A cikin ledar katin nan a bar wurin hoto. Bayan igiyar ruwan da ta afka wa Japan a 2011, masu aikin sa kai sun tsince hotuna dubu ɗaruruwa daga cikin laka, suka wanke su ɗaya bayan ɗaya suka nemi masu su. A garin Otsuchi kuma wani mutum mai suna Itaru Sasaki ya buɗe wa jama'a wata rumfar tarho da ba a haɗa ta da layi ba, masu makoki suna shiga suna faɗin abin da ke ransu. Mu ba haka muke yi ba, namu mamatan addu'a muke bin su da ita da sadaka. Amma buƙatar ɗaya ce, mai rai yana so a ba shi dama ya ambaci wanda ya rasa. Shi ya sa carbi da sallaya suke da gurbi a ƙunshin, da ɗan littafin rubutu da fensir. Alƙur'ani kuwa ba za a jefa shi cikin bokiti a loda a bayan tirela ba, hannu da hannu za a miƙa shi. Kuma ƙaramar hukumarmu ta Nassarawa gida ce ta kowa, daga Brigade zuwa Badawa akwai Kirista maƙwabtanmu, sai a tambayi kowane gida littafin da yake so.

Maza suna da majalisa da masallaci da bakin titi. Mace mai takaba tana da wata huɗu da kwana goma a cikin gida, a garin da ba ta san kowa ba, wataƙila a kangon da wani bawan Allah ya ba su aro a Hotoro ko Kawaji. Yawancin waɗanda suka gudo Kano ba a sansani suke ba, cikin unguwanni suka ɓace, shi ya sa ba a ganin halin da suke ciki. A sashen mata na ƙunshin a sa allura da zare masu launi da yadin hula. Matan Borno da suka zauna a sansanonin Maiduguri sun riƙe kansu da ɗinkin hula, kuma aiki ne da ake yi a zaune cikin taro, baki na hira hannu na tafiya. A sa lalle da matsefi da man kitso. Babu macen da take yi wa kanta kitso mai kyau, dole ta sa kai a cinyar wata, kuma abin da ake faɗa a lokacin kitso ba a faɗarsa a gaban jami'in agaji mai riƙe da takarda. Yara a ba su ƙwallo da allo da tawada. Dattawa ba sa buƙatar a ƙera musu dara, ƙasa da tsinke sun isa, inuwa kawai za a samar musu.

Mazubin kansa ya zama bokitin roba mai murfi mai ƙarfi, wanda ruwa ba ya shiga, wanda za a iya zama a kansa, kuma nauyinsa kada ya wuce abin da mace mai goyo za ta ɗauka a ka. Kada a buga hoton kowane ɗan siyasa a jikinsa, kada kuma a rubuta wata kalma da za ta nuna mai shi ɗan gudun hijira ne. Ya yi kama da bokitin kowa.

Na san abin da ke ran wasunku. Za a ce za su sayar. Wasu za su sayar, gaskiya ne, wanda ɗansa ke zazzaɓi zai sayar da rediyo ya sayi magani, kuma ban ga laifinsa ba. Za a ce za a karkatar da kayan, kuma duk mun tuna rumbunan tallafin korona da jama'a suka fasa a jihohi da dama a watan Oktoban 2020. Maganin duka biyun yana cikin yadda ake rabawa. Kayan masu tsada, rediyo da babbar tabarma, a ba gidaje biyar su yi tarayya a kai, abin da biyar suka mallaka ɗaya ba ya kai shi kasuwa a ɓoye. Kuma kada a tara mutane a rana a jera su ana ɗaukar hoto. A ba mai unguwa da limami da shugabar matan unguwa, su zaɓi gidan da zai kai wa kowane baƙo nasa, da sharaɗin wanda ya kai zai riƙa komawa gaisuwa duk mako. Zumunta a ƙafa take, in ji magabata, kuma wannan ƙafar ita ce rabin ƙunshin. A Zimbabuwe wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya horar da tsofaffin mata tun 2006 suna zama a benci a harabar asibitocin Harare suna sauraron masu damuwa, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. Muna da irin waɗannan tsofaffi a kowane lungu, ga kuma tsofaffin ma'aikatan masaƙa da suka san zafin rasa jama'a. Abin da ya rage a koya musu shi ne gane lokacin da abin ya wuce hira: wanda ya daina ci, ya daina barci, ko yake maganar gajiya da rayuwa, wannan asibiti za a kai shi, Dawanau ko Malam Aminu Kano, ba tare da jinkiri ba.

Ya ku masu masana'antu, ban zo neman sadaka kaɗai ba. Tabarma da bokiti da kofi da shayi da fata da zare duk ana yinsu tsakanin Bompai da Sharada da Challawa, rediyon ce kawai sai an shigo da kayanta a harhaɗa, kuma muna da matasan da suke gyaran waya da za su iya. Ƙungiyoyin agaji suna sayen kaya da yawa a kowace shekara don Arewa maso Gabas da Arewa maso Yamma da Nijar da Chadi. In muka tsara abu mai kyau, ciniki ne da zai tayar da injin da ya kwanta ya kuma mayar da wasu bakin aiki.

Roƙona shi ne ƙungiyarku ta MAN ta zauna da SEMA da Red Cross da masu unguwannin Nassarawa, a haɗa ƙunshi ɗari na gwaji kafin damina mai zuwa. Kafin a saka ko allura a ciki, a je a zauna da matan da suka gudo da dattawan da suka rasa aiki, a tambaye su abin da suka fi kewa, domin sun fi ni sani. Bayan wata uku a koma a ga abin da aka yi amfani da shi da abin da aka ajiye, a gyara. Ku kuma sauran jama'a, ba sai kun jira kamfani ba. In akwai baƙo a layinku da ba ku san sunansa ba, ku je ku yi masa sallama a wannan makon, ku tafi da tabarma.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.